Surukata Ta Goge Fentin Sojojin Ƙanena

Zuwa ga Zebo-opa,

Ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, don kwana goma sha biyu suka rage mini. Ban taɓa zaton zan kai kukana jarida ba. Shekara da shekaru matata tana karanta filinki a kicin ina yi mata dariya, ina cewa masu rubuto miki mutane ne da suka rasa aikin yi. To ga ni. Na tabbata na girme ki, amma tun da kowa opa, wato yaya, yake ce miki, ni ma na bi sahu. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, ukun farko suna cikin murhu.

Shekarata sittin da bakwai. Injiniya ne ni, ko in ce na taɓa zama. A Leningrad na yi karatu, na fito da jan kwalin nan da ake ba waɗanda suka yi zarra. Na shekara ashirin da shida ina zana sassan injuna a wata masana'anta da yau aka mayar da harabarta wurin sayar da tayal da bahon wanka. Wanda ya riƙa kwafar lissafina a aji shida yanzu bene hawa uku gare shi a bakin titinmu, in ya wuce ni a mota sai ya danna hon ya ɗaga mini yatsa biyu. Ba don ki tausaya mini na faɗi wannan ba. Na faɗa ne don ki san ba wawa ba ne yake rubuto miki a kan kayan wasan yara.

Sojojin dalma nake tarawa, irin 'yan ƙananan nan da aka yi mana wasa da su a zamanin Sobiyet, waɗanda tsayinsu bai wuce ɗan yatsa ba. Duk ranar Lahadi nakan hau bas biyu in je kasuwar 'yan gwanjo ta Yangiobod, in durƙusa a gaban tsofaffin da suka baza tarkacen gidajensu a kan jarida, in tona cikin kusoshi da makullan da ba su da ƙofa. Yanzu ina da sama da ɗari shida. Ba ajiye su kawai nake yi ba, hoto nake ɗaukarsu. Nakan haƙa musu ramuka a tsakar gida, in gina musu katanga da yumɓu, in ƙona busasshen ganye don hayaƙi, sannan in kwanta rubda ciki da tsohuwar kyamarata ta fim har hasken ya zo yadda nake so. Matata Muyassar takan leƙo ta taga ta ce, "Baban Elyor, tashi mana, maƙwabta za su ɗauka faɗuwa ka yi su kira motar asibiti." Hotunan nakan tura wa wani zaure a waya, na tsofaffi irina da ke Tashkent da Almaty da Riga. Doka ɗaya gare mu wadda ko sabon shiga ya san ta: tsohon soja ba a wanke shi, ba a sake masa fenti. Duk inda ya ƙwarzane, hannun wani yaro ne ya bi ta wurin.

A cikin ɗari shidan nan, ashirin da huɗu ne kawai ba saye na yi ba. Mahaifinmu ne ya kawo su a shekarar da muka tare a gidan nan, bayan mun yi shekara huɗu a raɓe wurin dangi tun da girgizar ƙasa ta rushe mana na farko. Ina da shekara goma sha biyu, ƙanena Asror yana da bakwai. Dukkansu launin toka ne, wasu a tsaye da bindiga, wasu a durƙushe, wasu a kwance, kowane iri da abokin kamarsa. Kwana biyu muna faɗa a kan wanne ne na wa, har mahaifiyarmu ta ce in ba mu raba su ba za ta zuba su a tanderu. Sai muka shiga ɗakin ajiya muka samo ragowar fentin da aka yi wa gidan, shuɗi na ƙofa da tagogi, da ja mai duhu na katakon ƙasa. Muka raba sha biyu sha biyu. Na ɗauki ja, don ni ne babba, kuma a lokacin ja ne ke cin kowane yaƙi. Ni da tsinken ashana na yi nawa, a tsanake. Asror kuwa da yatsa ya lafta wa nasa shuɗin, har fuskokinsu, ya ɓata rigarsa ta makaranta, ya sha duka.

Shekara biyar muna yaƙi a ƙarƙashin rumfar inabi, ban taɓa barin sa ya ci ba ko sau ɗaya. In na ga ya kusa sai in ƙirƙiro sabuwar doka. Yakan ce, "Yaya, jiya ba haka ka ce ba." In ce masa jiya daban, yau daban.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Muyassar da muka shekara arba'in tare. A shekarar da Asror zai zauna jarrabawar shiga jami'a, mahaifiyarmu ta rubuto mini cewa lissafi na ba shi wahala, in zo gida hutu in zauna da shi wata guda. Na ba ta amsa cewa an tura mu aikin gwaji a masana'anta, ba dama. Ƙarya ce. Bakin teku na tafi da abokai, saboda wata yarinya 'yar ajinmu da yau ko sunan mahaifinta ban iya tunawa. Asror ya faɗi da maki ɗaya. Da kaka aka ɗauke shi soja. Shekara na zagayowa aka kawo mana gawarsa daga Afghanistan a cikin akwatin tutiya da aka liƙe ruf, aka ce ba a buɗewa. Na tsaya ina kallon mahaifiyarmu tana kartar murfin da farcenta. Ni karatu ya kare ni daga zuwa can, karatun da yau ba ya ko hana a danna mini hon.

To ki gane, a duk hoton da na ɗauka na ashirin da huɗun nan, kuma sun fi dubu, shuɗayen ne a tsaye, jajayen a warwatse. Ban taɓa bayyana wa kowa dalili ba. A gidan nan ana ɗauka tsufa ne ya zo mini da haka. Abin da suka sani kawai shi ne akwai wani ƙaramin akwatin katako da nake kullewa.

Wata takwas da suka wuce muka yi wa autanmu Elyor aure. Nafosat sunan yarinyar, shekararta ashirin da ɗaya, daga wani ƙauye kusa da Rishton, a kwarin Fargona. Ba zan yi mata ƙarya ba, kafin abin nan ban sami abin kushe ta ba. Kafin kowa ya tashi ta share tsakar gida har bakin titi ta yayyafa ruwa. In ta zauna ɗinkin hula, zaren da ni ko da tabarau ba na gani shi take lissafawa. Tukwanen gidan nan da na ɗauka baƙaƙe aka ƙera su, sai da ta zo na san farare ne.

Ana jajibirin Navruz, bikin sabuwar shekararmu, ake babbar sharar gida. Matan unguwa sun taru a tsakar gidanmu suna juya sumalak, kunun tsiron alkamar nan na biki, a babbar tukunya, don bana layinmu ne. Da safen na fito da ashirin da huɗun na jera a kan dakalin tagar ɗakin baƙi, saboda hasken wannan tagar babu irinsa kafin hantsi. Sai fim ya ƙare mini. Mutum ɗaya ya rage da na sani yana sayarwa, can ɗaya gefen gari. Na fita ban mayar da su akwati ba. Bayan fitata Muyassar ta ce wa yarinyar duk abin da ke ɗakin baƙi tana so ya yi ƙyalli kafin gobe. Yarinya ta goge kofunan gilashi, ta goge tiren tagulla, ta zo kan taga. Daga baya na ji ta bakin matata cewa ta ɗauka shuɗin nan irin dattin da tagulla ke yi ne in ta daɗe, jan kuma tsatsa ce. Ta jiƙa su a ruwan zafi da soda, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da toka da tsohon burushin haƙori. Awa uku ta yi. Fentin shekara hamsin da biyar, dama kaɗan yake jira.

Na dawo da la'asar. Ina shigowa Nafosat ta taho da tire a hannun dama, na hagu a ƙirji, fuskarta cike da murna, a gaban matan nan duka. Ta kira ni yadda 'ya'yana ke kirana, ta ce, "Dada, ku duba sojojinku, su ma sun yi wankan biki." Ta jera su sahu biyu suna fuskantar juna, suna walƙiya. Na duba. Launinsu ɗaya da akwatin nan da aka kawo Asror a ciki, ba bambanci ko kaɗan.

Ban san lokacin da hannuna ya daki tiren ta ƙasa ba. Suka watse a tsakar gida, ɗaya har bakin wutar tukunya. Sai na ji bakina yana cewa, "Mun je har kwarin Fargona mun ɗauko mai gogen tukunya, muna zaton mutum muka kawo." Matar da ke riƙe da muciya ta daina juyawa. Nafosat ta durƙusa ta tsince su ɗaya-ɗaya, har wanda ke bakin wuta, ta tattara a gefen rigarta, ta kai ƙofar ɗakina ta ajiye. Na ƙirga daga baya, ashirin da huɗu cif. Sai dai yanzu ban san wanne ne nawa, wanne ne nasa ba.

Yau kwana talatin da takwas ban karɓi shayi daga hannunta ba. Kullum da safe takan zuba ɗan kaɗan a ƙasan kofi yadda ya kamata a zuba wa babba, ta miƙo, ni kuma in kalli bango, in ja butar in cika wa kaina har baki. Takan riƙe kofin a miƙe na ɗan lokaci, sannan ta ajiye. Washegari ta sake. Ba ta fasa ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai, don da ta yi fushi da na sami abin riƙewa. Ta rame. Muyassar ta ce mini, "Kai da karatunka na Leningrad, ka rasa abokin gaba sai 'yar mutane, a kan 'yan tsana?" Na ce mata ba 'yan tsana ba ne. Ta ce to mene ne. Na tashi na fita.

Fita nake ta yi yanzu. Ba na iya zama. Nakan hau bas har ƙarshen layi in dawo a cikinsa, direban har ya gane ni. In na je gidan shayi wurin tsofaffin unguwa, ba na kai rabin kofi. Shekaran jiya ɗaya daga cikinsu, Hoji Mirsoat, ya ɗaga murya don kowa ya ji, ya ce, "Janar, an ce rundunarka ta sha kashi a hannun amarya, da burushi kawai?" Aka yi ta dariya, wani ya ce a turo ta ta zo ta goge masa haƙora. Su ne mutanen da rabinsu ni na cike musu takardun fansho don ba su iya ba.

Na yi ƙoƙarin raba su da hotuna. Kowane soja yana da tabonsa, wannan bakin bindigarsa ya lanƙwashe, wancan hularsa ta lotse. Na baza hotuna a kan tebur, na ɗauko gilashin ƙara girma. Amma yana ta fara rufe mini idon hagu. Na ware guda biyar na ce lalle na Asror ne, gari na wayewa na duba na ga ban tabbata da ko ɗaya ba. Na kai kukana zauren nan namu. Na Riga ya ce in haƙura, yanzu ba su da wata daraja. Wani ya ce dama can ba su da ita, tun da fentin gida ne ba na masana'anta ba. Na fice daga zauren.

Ran Juma'ar da ta wuce Elyor ya same ni a ƙarƙashin inabin. Bai zauna ba. Ya ce, "Dada, na sami ɗaki biyu a wani bene a unguwar Sergeli. Nan da sati biyu za mu tashi. Ba zan iya ci gaba da kallon matata tana miƙa kofi ga bango ba." Na ce masa auta ba ya barin gidan ubansa, a unguwar nan ba a taɓa yi ba. Ya ce, "A unguwar nan ba a taɓa zagin suruka a gaban tukunyar sumalak ba, ku kuka fara." Yaron da ban taɓa jin ya mayar mini da magana ba. Yayyensa biyu suna Koriya suna aiki, 'yar'uwarsu tana gidan mijinta a Samarkand. In ya tafi, ni da Muyassar ne za mu rage a ɗaki shida, kuma na san ba za ta yafe mini ba.

Zebo-opa, ni aka yi wa ɓarna, amma ni kowa yake kallo. Abu ɗaya da ya rage a duniya wanda yatsan ƙanena ya taɓa, an wanke shi an zubar a kwata, kuma ana so ni in ba da haƙuri. A ina kika taɓa ganin uban miji ya ba matar ɗansa haƙuri? In ma na yi, za a tambaye ni me ya sa abin ya kai haka, kuma ba zan iya buɗe baki in yi maganar tekun nan ba. Wani lokaci nakan ce su tafi, dama komai tafiya yake yi, masana'anta ta tafi, ƙasar da ta ba ni kwali ta tafi. Sai kuma da safe in ji ƙarar tsintsiyarta a bakin ƙofa, in tuna saura kwana kaza in daina ji, in rasa inda zan sa kaina. Ki faɗa mini abin da zan yi. Kada ki ce in je wurin likitan ƙwaƙwalwa, ba zan je ba.

Tsohon injiniya,
Tashkent

*

Dattijo,

Allah ya ji ƙan Asror, ya sa ya huta. Na matso da wasiƙarka gaban layi saboda kwanakin da ka ce sun rage, don haka ba zan yi dogon zagaye ba.

Rashin da ka yi rashi ne na gaske. Ba 'yan tsana ba ne, kuma mutumin Riga bai san abin da yake faɗa ba. Nafosat ta yi kuskure da ta taɓa abin da ba nata ba ba tare da ta tambaya ba, ko da niyyarta ta fi madara fari. Muyassar-opa ma tana da nata kason, ita da ta san halin mijinta da kayansa, ta ce a goge komai ba ta leƙa ɗakin ba. Wannan duka na ba ka.

Amma wa ya san abin da ke jikin sojojin nan? Ka kulle labarin fiye da yadda ka kulle akwatin. Yarinya ta ga ƙarfe mai datti a ɗakin baƙi ranar shara, ta yi masa abin da uwarta ta koya mata a yi wa ƙarfe mai datti, ta sa awa uku da fatar yatsunta don ta ga ka yi murmushi. Ita ta ɓata fenti ba da sani ba. Kai ka ɓata mata suna, da na iyayenta, da na garinsu, a gaban matan da za ta zauna da su har tsufanta. Naka ya fi nauyi, kuma ina jin ka sani, shi ya sa bas ɗin nan bai kai ka ko'ina ba.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma wuri ɗaya nake tsayawa. Ka ce ta jera su sahu biyu suna fuskantar juna. Me ya sa biyu? Macen da ta san aikin ƙarfe ba ta haɗa mai dattin tagulla da mai tsatsa a ruwa ɗaya, kashi-kashi take yi. Ban kasance a wurin ba, ba zan rantse ba. Amma akwai yiwuwar a lokacin da ta miƙo maka tiren nan, rundunar Asror tana gefe ɗaya, taka tana ɗaya gefen, kuma hannun da ya cakuɗa su ba nata ba ne. Ka yi kwana talatin da takwas kana fama da gilashi da idon da ya gaji, alhali a gidanka akwai wadda ta juya kowane ɗayansu a tafin hannunta, ta bi kowane lungu nasa da burushi, wadda kai da bakinka ka ce tana lissafa zaren da ba ka gani. Ita kaɗai ce ba ka tambaya ba. Ka baza mata hotunan, ka ajiye mata sojojin. Wataƙila ba za ta gano duka ba. In ta gano goma sha takwas, ai sun fi biyar ɗin da ba ka tabbata da su ba.

Sai dai ba za ka fara da neman alfarma ba. Gobe da safe in ta miƙo kofi, ka karɓa da hannunka, ka sha. In ba ka iya cewa komai ba, kada ka ce. Ita ta san abin da hakan ke nufi, gidan duka ya sani.

A ranar kuma ka zaunar da Muyassar-opa ka ba ta labarin tekun. Ta tambaye ka "to mene ne", ka tashi ka fita, har yanzu tana jiran amsa. Ba zan ce maka ba ka yi laifi ba a wancan lokacin. Ka yi wa mahaifiyarka ƙarya, ka zaɓi son ranka, kana saurayi ɗan shekara ashirin da uku. Amma ba kai ka buɗe yaƙin ba, ba kai ka rubuta sunansa a takardar tafiya ba, kuma ba ka da tabbacin wata gudan nan zai kawo makin. Ka ɗauki naka kason, ka sauke wanda ba naka ba. Matar da ta shekara arba'in tana kallon ka kwance a ƙasa kana ɗaukar hoton dalma ba ta gudu ba, wannan labarin ba zai kore ta ba. Yaran kuwa ba sai sun ji maganar teku ba in ba ka so. Ya ishe su su san wanda ya shafa shuɗin, da shekarunsa, da yadda aka dawo da shi. Elyor ya kamata ya san baffansa fiye da hoton da ke bango.

Ka tambaye ni inda na taɓa ganin uban miji ya ba suruka haƙuri. Na gani, ba sau ɗaya ba, kuma ban ga wanda rawaninsa ko hularsa ta faɗi ba. Maganar da aka yi a gaban mutane, a gaban mutane ake janye ta. Ka sa a dafa palof, shinkafa da nama irin ta taro, ran Lahadi, Muyassar-opa ta kira matan nan da suka juya sumalak, su ɗin dai. Ba sai ka durƙusa ba. Ka tsaya a bakin ƙofa ka ce ranar nan ka faɗi maganar da ba ta dace ba, yarinyar nan 'yar mutunci ce, iyayenta sun yi tarbiyya. Numfashi biyu ne. Kafin magariba maganar ta kai kunnen Hoji Mirsoat, zai yi dariyar kwana ɗaya ya nemi wani abin. Ka kuma aika wa iyayenta gaisuwa da gurasa da alewa, don kada ka yi zaton maganar ba ta isa Rishton ba.

Elyor, in kana karantawa: ka yi daidai da ka tsaya wa matarka. Amma in ka ga mahaifinka ya karɓi kofin nan, ka je ka roƙi mai benen ya ɗaga maka wata guda. Kai kuma Dattijo, in duk da haka suka ga sai sun tafi, ka raka su da addu'a, ka ɗauki ƙafa ka kai musu ziyara. Sergeli bas ɗaya ne, kai kuma ka saba da bas.

Kada ka sake musu fenti, dokarku ta yi gaskiya a nan. Ka bar su yadda suka koma, ka ɗauke su hoto a haka. Idon hagun kuma ka kai a duba, wannan likitan ba na ƙwaƙwalwa ba ne.

Shekara biyar ƙanenka yana jira ka bar shi ya ci sau ɗaya, ba ka bari ba, kuma hotuna dubu ba su biya wannan ba. Yanzu ga wata ƙarama a gidanka, ta yi kwana talatin da takwas hannunta a miƙe. Ita tana nan da ranta. Ka bar ta ta ci wannan.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya bar muku gidanku a cike.

Zebo